Tambayoyi da amsoshi kan tsohon wasan barkwanci na Afrikaans da 'yan wasan da suka riƙa yawo gari-gari

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin ɗaliban wasan kwaikwayo da 'yan ƙungiyoyin dirama duk sanda aka zo kan Afirka ta Kudu, saboda yawanci abin da ake koyarwa shi ne zamanin yaƙi da wariyar launin fata, su marubucin wasa Athol Fugard, sai a tsallake duk abin da ya gabaci wannan kamar ba a yi shi ba. Ga su nan daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wai shi Afrikaans ɗin nan wane irin harshe ne, kuma na su wa ne?

Harshe ne da aka haifa a can ƙurewar kudancin Afirka. A 1652 kamfanin kasuwancin Holan mai fatauci zuwa gabas ya turo Jan van Riebeeck ya kafa zango a inda Cape Town take yanzu, don jiragen ruwa su riƙa tsayawa suna ɗibar ruwa da nama da ganye. Daga nan aka shiga kawo bayi daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, ga kuma 'yan ƙasa Khoekhoe da aka ƙwace wa wuraren kiwo suka koma yi wa Turawa aiki, kuma duk mutanen nan dole su yi magana da juna a kicin da gona da bakin teku, to harshen Holan ɗin da ke bakinsu ya yi ta sauƙaƙa yana kwasar kalmomin Malay da na Fotigal da na Khoekhoe har ya zama wani abu daban. Manyan gari sun raina shi ƙwarai, harshen kicin suke ce masa, a coci da kotu da makaranta kuwa harshen Holan ake yi, daga baya Turancin Ingila.

Musulmin Cape suna cikin waɗanda suka fara rubuta shi, kuma da ajami suka rubuta, a makarantunsu na addini. Littafin Bayan al-Din na Abu Bakr Effendi, malamin da daular Turkawa ta turo musu, an buga shi a Santambul a 1877 da Larabci da Afrikaans cikin baƙaƙen Larabci. Har gobe fiye da rabin waɗanda suka tashi da harshen a gida ba farare ba ne. Ku riƙe wannan da kyau, don duk maganar dariyar da ke ƙasa a kansa take juyawa.

Yaushe aka fara wasan daɓe irin na Turawa a can?

Sojoji ne suka fara, a bariki, musamman sojojin Faransa da aka girke a Cape a shekarun 1780. Gidan wasa na farko da aka gina don wannan aiki shi ne African Theatre a Cape Town, gwamna Sir George Yonge ne ya sa aka gina shi, aka buɗe shi a 1801, kuma ƙungiyoyin sa-kai ne suke karɓa-karɓa a cikinsa, yau 'yan Ingila, gobe 'yan Holan, jibi Jamusawa ko Faransawa. Babu mai tunanin a tsara wasa sukutum da harshen kicin a lokacin. A 1839 aka sayar da ginin ya koma coci da makaranta ta 'yantattun bayi, shi ne St Stephen's da ke tsaye har yanzu a dandalin Riebeeck. Dalilin rufe shi yana da nasaba da abin da ke cikin amsar tambayar coci a ƙasa.

Me ya sa ake cewa ta ƙofar barkwanci harshen ya hau dandamali?

Saboda haka abin ya faru, kuma ba ta hanya mai daɗin faɗa ba. A 1832 wani Bafaranshe mazaunin Cape, Charles Etienne Boniface, ɗan jarida mai kaifin baki, ya buga wasa mai suna De Nieuwe Ridderorde of De Temperantisten, yana zolayar ƙungiyar masu yaƙi da shan giya da kuma 'yan mishan irin su Dakta John Philip da suke kare haƙƙin Khoekhoe. Manyan mutane a wasan harshen Holan suke yi, amma da zarar Khoekhoe sun buɗe baki sai ka ji maganar titi, wato abin da daga baya ya zama Afrikaans, kuma an sa musu ita a baki ne don mai karatu ya yi dariya ya ce kun gani ko, waɗannan ne ake so a daidaita mu da su.

Na biyu shi ne Kaatje Kekkelbek, na Andrew Geddes Bain, ɗan Sikotilan mai gina hanyoyin tsaunuka, wanda galibin masu tarihi suke sa fara yin sa a Grahamstown a 1838. Ɗan gajeren abu ne, waƙa da surutu a tsakani, wata mace Khoekhoe daga yankin Kat River ta fito tana ba da labarin kanta, makarantar mishan da ta yi ba ta amfane ta da komai ba, sata, giya, kurkuku, tana cakuɗa Turanci da Afrikaans. Ku lura da shekarar, 1838 ita ce shekarar da wa'adin aikin dole na bayin Cape ya ƙare bayan an soke bauta a 1834, don haka dariyar siyasa ce tsantsa, ta masu jin haushin 'yancin da aka bayar.

Ni a ganina duk wanda zai koyar da wannan tarihi ya kamata ya tsaya a nan ya daɗe. Kaatje tana da rai, bakinta yana da zaƙi, ta fi wanda ya ƙirƙire ta wayo a wurare da yawa, shi ya sa ta daɗe a bakin mutane, amma an ƙirƙire ta ne don a ci mutuncin mutanen da suka dafa harshen da kansu, kuma wannan tabo ya bi wasan Afrikaans fiye da shekara ɗari.

To su waɗanda ake yi wa dariyar, ba su da nasu wasan ne?

Suna da shi mana, a titi yake ba a zaure ba. Bayin Cape da jikokinsu suna da waƙoƙin ghoema, sunan gangar da ake kaɗawa kenan mai siffar ƙaramin duro na katako, da kuma moppies, waƙoƙin barkwanci da habaici waɗanda mai ba da waƙa yake yi yana kwaikwayo da jiki da fuska 'yan amshi suna karɓa, kuma sau da yawa maigida da uwargida ake yi wa shaguɓe a ciki ta yadda ba za su iya kama kowa ba. Ranar 2 ga Janairu ita ce babbar ranarsu. Da 'yan wasan Amurka masu shafa baƙi a fuska suka fara zuwa Cape a 1862, daga baya kuma mawaƙan Orpheus McAdoo, baƙaƙen Amurka, suka zo a 1890, sai salon ya haɗu da na gida aka samu bikin Kaapse Klopse da ake yi har yanzu, da lema da kaya masu ƙyalli da banjo. Tsofaffin littattafan tarihin wasan Afrikaans ba su cika lissafa wannan a matsayin wasan kwaikwayo ba, kuma gaskiya sun yi kuskure, don barkwancin Afrikaans mafi tsufa da bai yanke ba kenan.

Wane ne Melt Brink da ake yawan ambata?

Mutumin Cape Town ne, an haife shi 1842 ya rasu 1925, kuma shi ne ginshiƙin wata ƙungiyar wasa da adabi mai suna Aurora. Ya rubuta gajerun wasannin barkwanci masu yawan gaske, na rikicin gida da neman aure da tsoho mai taurin kai da saurayi mai dabara. Ba wanda yake cewa babban marubuci ne, harshensa ma tsaka-tsaki yake, wani wuri Holan wani wuri Afrikaans, amma amfaninsa shi ne ya ba mutane abin da za su iya yi da kansu. Wasa ne mai mutum biyar ko shida, ɗaki ɗaya, tebur da kujeru, ba ya buƙatar komai, don haka ƙungiyoyin muhawara na ƙananan garuruwa da makarantu da matasan coci suka yi ta ɗauka suna yi.

Su waɗannan ƙungiyoyin muhawara su ne makarantar farko ta kusan duk ɗan wasan Afrikaans. Ana taruwa da dare a ajin makaranta ko zauren coci, a yi muhawara, a yi haddar waƙe, sannan a rufe da ɗan wasan tattaunawa na mutum biyu ko uku, kuma a wannan ɓangare na ƙarshe ne ake sakin harshen Holan a koma maganar gida, saboda ba ka iya ba manomi dariya da harshen da sai ranar Lahadi yake jin sa.

Wanne ne wasan Afrikaans cikakke na farko?

Wanda aka fi ba wannan matsayi shi ne Magrita Prinslo na S.J. du Toit, faston da ya jagoranci kafa ƙungiyar kishin harshen a garin Paarl a 1875, ƙungiyar da ta fara fitar da jaridar Die Afrikaanse Patriot a 1876. An yi wasan a Paarl a 1897. Ba barkwanci ba ne, labarin soyayya ne da amana a zamanin babban ƙauran Boer, wato fararen manoma masu jin Afrikaans, zuwa cikin ƙasa, kuma manufarsa a nuna cewa harshen zai iya ɗaukar hawaye da tarihi, ba shashanci kaɗai ba.

Yaƙin Boer da Ingila ya shafi wasan ta yaya?

Ya shafe shi sosai da sosai. An yi yaƙin daga 1899 zuwa 1902, Ingila ta ƙone gonaki, mata da yaran Boer fiye da 26,000 suka mutu a sansanonin tsare mutane, baƙaƙe ma dubbai suka mutu a nasu sansanonin da ba a cika maganarsu ba. Bayan yaƙin Lord Milner, babban wakilin Ingila a ƙasar, ya tashi haiƙan sai ya mayar da yaran Boer masu jin Turanci ta hanyar makaranta, to sai kishin harshe ya tashi karo na biyu kuma ya fi na farko zafi. 'Yan jarida irin su Gustav Preller a Pretoria da J.H.H. de Waal a Cape Town suka ga cewa mutanen da ba sa karanta littafi za su zo kallon wasa, don haka aka kafa ƙungiyar wasan Afrikaans da Holan a Pretoria a 1907, aka shiga rubuta wasanni da gangan don a tallata harshen.

Sakamakon ya biyo baya a hankali, 1914 aka yarda a koyar da yara da shi a ƙananan azuzuwa a lardin Cape, 1925 majalisa ta amince da shi a matsayin harshen hukuma, 1933 aka fitar da Baibul cikakke a cikinsa. Kafin duk wannan mutane sun riga sun saba jin sa daga kan dandamali suna tafi.

Me ake yi wa dariya a wasannin wancan lokaci?

Akwai mutanen da kullum sai sun fito. Akwai budurwar da aka kai makarantar kwana ta dawo ba ta iya gaida iyayenta sai da Turanci, tana yatsina tana jin kunyar gidansu, ita ce babbar abin zolayar masu kishin harshe kuma ƙarshenta ko dai ta tuba ko ta ji kunya. Akwai tsohon baƙauye mai gemu buzu-buzu da bai yarda da jirgin ƙasa ko likita ko wani sabon abu ba, akwai lauyan da ke cinye gonar 'yan'uwa biyu suna shari'ar ruwa ko gado, akwai ɗan koli Bayahude mai yawo gona-gona, akwai kuma barori baƙaƙe da Khoekhoe waɗanda farare ne suke shafa baƙi su fito a matsayinsu, jikokin Kaatje kenan da aka yi bayani a sama, sai dai an cire musu kaifin bakin an bar wautar.

Sai zance, wanda shi ne taskar barkwancin. A al'adar manoman Boer saurayi zai yi wanka ya hau doki ya je gonar su yarinya, a ci abincin dare a yi addu'a, sannan iyaye su tafi kwanciya a bar su biyu a falo da kyandir ɗaya, idan kyandir ɗin ya ƙare zance ya ƙare. Dogon kyandir alama ce ana maraba da kai, guntu kuwa ka san inda dare ya yi maka. To ku duba irin abin da ɗan wasa zai yi da wannan, saurayi yana zaune a bakin kujera yana murza hularsa, ido ɗaya kan yarinya ɗaya kan kyandir, ya kasa furta abin da ya kawo shi sai maganar fari da farashin ulu, tsoho kuma yana tari daga ɗaki. Kowa a zauren ya taɓa zama a wannan kujera ko ya taɓa miƙa wannan kyandir, shi ya sa ba ya tsufa.

Ina matsayin Langenhoven a nan?

C.J. Langenhoven, 1873 zuwa 1932, lauya ne kuma ɗan jarida kuma ɗan majalisa a garin Oudtshoorn, garin kiwon jimina. Shi ne ya kai ƙudurin 1914 na koyarwa da harshen, shi ne kuma ya rubuta baitocin Die Stem a 1918 wanda ya zama taken ƙasa zamanin mulkin farare. Ya fara da gajerun wasannin barkwanci don ƙungiyoyin garinsu, irin su Die Water Zaak kan rigimar ruwa, daga baya ya yi Die Laaste van die Takhare wanda ya karɓu sosai, ga kuma Die Hoop van Suid-Afrika na 1913 wanda shi na tarihi ne da kishin ƙasa. Bambancinsa da Brink shi ne shi ya iya jimla, barkwancinsa a cikin magana yake ba a faɗuwa daga kujera ba, kuma da gangan ya zaɓi ban dariya don ya koya wa mutanensa son karatu da harshensu.

Yaushe abin ya zama sana'a har aka fara yawo?

A tsakiyar shekarun 1920. Wani ɗan wasa daga Holan, Paul de Groot, ya sauka a ƙasar a 1924, a 1925 ya haɗa kai da Stephanie Faure aka yi Die Heks na C. Louis Leipoldt da Lenie na H.A. Fagan, sannan a 1926 ya haɗa ƙungiya ta masu cin abinci da wasa ya shiga ƙauyuka da Huis Toe, fassarar wasan Heimat na Bajamushe Hermann Sudermann. A daidai wannan lokacin Hendrik Hanekom da matarsa Mathilde su ma suka bar zaman gida suka kama hanya da tasu ƙungiyar. Sun yi aiki tare da De Groot na ɗan lokaci sannan kowa ya kama gabansa.

A hannun De Groot aka horar da matasan da suka riƙe sana'ar shekara talatin masu zuwa. Mafi shahara shi ne wani yaro ɗan Bloemfontein, Gerhardus Borstlap, wanda ya ɗauki sunan wasa André Huguenet, ya kafa tasa ƙungiyar a farkon shekarun 1930. De Groot mutum ne mai zafi da wuyar sha'ani, amma shi ya kawo tsarin gwaji na makonni da kwalliyar fuska da tsayuwa a dandamali yadda ake yi a Turai.

Yaya rayuwar hanya take?

Wahala ce zalla. Da farko jirgin ƙasa suke bi, wanda ke nufin garin da ba tasha ba ya ganin wasa, daga baya suka koma mota da akori-kura, 'yan wasa a gaba, labule da allunan bango da akwatunan kaya a baya, a kan hanyoyin da ba kwalta, ƙura a rani, taɓo da rafi ya cika a damina, ga ƙofofin shingen gonaki da sai an sauka an buɗe an rufe. Mutum ɗaya yakan riga su tafiya da kwanaki, shi zai kama zaure ya manna fosta ya ga shugaban makaranta da fasto ya bar tikiti a wani kanti. Yawancin garuruwa dare ɗaya ne, a iso da rana, 'yan wasan da kansu su sauke kaya su kafa dandamali a zauren gari ko na makaranta ko na coci, inda ba lantarki a kunna fitilar aci-balbal, a yi wasa, a kwance komai cikin dare, a ɗan runtsa a ƙaramin otal ko gidan wani mai kirki, da safe a ɗaura kaya a wuce. Haka za a yi wata da watanni da wasa guda, har wasu su tsallaka zuwa Namibiya ta yanzu da Zimbabuwe ta yanzu inda akwai manoma masu jin harshen.

Kuɗin ƙofa shi ne komai, ba tallafin gwamnati ba mai ɗaukar nauyi. Idan aka yi ruwa manoma suka kasa fitowa, ko aka yi rasuwa a gari, ko wata ƙungiya ta riga ku da kwana biyu ta kwashe 'yan kuɗin mutane, to ranar ba albashi. Kuma ku tuna wane zamani ne, karayar tattalin arzikin duniya ta zo, farin 1932 zuwa 1933 ya kashe dabbobi ba adadi, rahoton Carnegie na 1932 ya ƙiyasta fararen matalauta kusan 300,000, mafi yawansu masu jin Afrikaans. Duk da haka a shekarun 1930 ƙungiyoyin suka yi yawa har suna tuntuɓe da juna a hanya, wasu na kirki wasu 'yan ci-da-ceto da suka ɓata wa sana'ar suna, don duk wanda ya taɓa fitowa a wasa biyu sai ya ga shi ma ya isa ya kafa tasa.

Barkwanci suke kai wa ƙauyukan ko wasan kuka?

Duka biyu, amma abin da zai ba ku mamaki shi ne yawancinsu ba na gida ba ne. Wasannin Jamus da Faransa da Holan da Italiya ake fassarawa, a sauya musu suna zuwa wani abu mai taɓa zuciya, uwa ko hawaye ko yafiya, saboda an gano manomi ba zai yi tafiyar awa biyu ya biya kuɗi don sunan da bai gane ba. Oorskotjie, wanda ya fito da Wena Naudé, asalinsa Scampolo ne na Dario Niccodemi, barkwanci mai taushi kan yarinyar titi. Masu sukar adabi a birni sun yi ta ƙorafi cewa ana ciyar da jama'a abin da ba shi da nauyi, 'yan wasa kuma suna cewa ku zo ku biya kuɗin fetur. Ni dai ina bayan 'yan wasan a wannan gardama, don wanda bai taɓa ganin labule ya buɗe ba ba za ka fara masa da abin da zai kore shi ba.

Na gida da suka yi tasiri akwai Ampie na Jochem van Bruggen, wanda littafi ne na 1924 kafin a mayar da shi wasa, Huguenet ya fito a matsayin Ampie, saurayi ɗan matalautan farare da ba shi da aboki a duniya sai jakinsa. Ana dariya ana share hawaye, kuma da yawan masu kallon danginsu suke gani. Su Hanekom kuma sun yi suna da Oom Paul, inda Hendrik yake fitowa a matsayin shugaban Boer Paul Kruger, wannan ya dace da zafin kishin ƙabila na shekarun da suka kai ga bikin cika shekara ɗari da babban ƙaura a 1938.

Coci bai hana ba?

Ya yi ƙoƙari. Tun shekarun 1830 masu wa'azi a Cape Town suka yi wa gidan wasa taron dangi, abin da ya taimaka wajen mutuwar African Theatre. A ƙauyukan Boer kuwa cocin Dutch Reformed shi ne gari, dattawansa da yawa suna ganin wasa ƙarya ce da shagala, macen da ke yawo da maza a mota tana kwana a otal kuma ba sai an faɗa ba. Fasto ɗaya zai iya kashe muku dare da jimla ɗaya ranar Lahadi. Abin da ya sassauta lamarin shi ne kishin harshe, tunda fastocin da malaman makarantar su ne kuma 'yan gaba-gaba a wannan fafutuka, sai ya zama da wuya su kori mutanen da suka kawo Afrikaans gari. Su ma 'yan wasan sun iya allonsu, su zaɓi wasa mai darasi, su sa kaya na mutunci, wani lokaci su ba makaranta ko asusun coci wani kaso na kuɗin ƙofa.

Mata fa?

Ba don su ba da abin bai tsaya ba. Stephanie Faure ta koyar da furuci ta kuma shirya wasanni tun kafin zuwan De Groot, Mathilde Hanekom ta yi shekaru a hanya kafaɗa da kafaɗa da mijinta kuma an san ta da iya barkwanci, Wena Naudé ta riƙe ƙungiyar kanta daga baya ta shiga fim da rediyo, Lydia Lindeque ta shiga tun tana yarinya, Anna Neethling-Pohl kuma ta zama babbar darakta da malama. Sun sha maganganun da aka ambata a amsar coci fiye da mazan nesa ba kusa ba.

Baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba suna shiga kallo?

A mafi yawan garuruwa a'a, zauren na farare ne tun kafin a rubuta hakan a doka, kuma a 1965 gwamnatin wariya ta fito da dokar da ta hana cakuɗa masu kallo ko 'yan wasa sai da izini. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin, mutanen da suke ɗauke kaya daga mota suna share zauren suna jin kowace kalma ta wasan, don harshen uwarsu ne, amma ba su da kujera a ciki. Su ma sun kafa nasu, kamar ƙungiyar Eoan da aka fara a unguwar District Six ta Cape Town a 1933. Sai a 1965 Adam Small ya fitar da Kanna hy kô hystoe da irin Afrikaans ɗin talakawan Cape, wannan maganar da Boniface da Bain suka sa a bakin mutane don a yi dariya, shi kuma ya ɗora mata wasan baƙin ciki da masana da yawa suke sa shi a sahun farko na duk abin da aka rubuta da harshen. Ko shi ɗin ma, da hukumomin wasa na gwamnati suka fara sa shi a shekarun 1970, fararen 'yan wasa ne suka fito a ciki.

Me ya kawo ƙarshen ƙungiyoyin yawo?

Abubuwa ne suka taru. Silima ta shiga ƙananan garuruwa, fim mai magana na Afrikaans ya fara a 1931 da Sarie Marais da Moedertjie, rediyon Afrikaans ya kankama a ƙarshen shekarun 1930, mutane suka yi ta barin gona suna komawa Johannesburg da Pretoria. Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin fetur da taya, ya kuma raba kan masu jin harshen gida biyu, masu goyon bayan shiga yaƙin da masu adawa. Barkwancin kansa ya koma fim, Pierre de Wet wanda ɗan wasan daɓe ne ya zama darakta, shi ya yi Kom Saam Vanaand a 1949 da ɗan barkwanci Al Debbo.

A 1947 Huguenet ya fito a Hamlet da Afrikaans a Johannesburg, abin ya yi armashi sosai, kuma a shekarar gwamnati ta amince ta sa kuɗi a kafa hukumar wasan kwaikwayo ta ƙasa ƙarƙashin P.P.B. Breytenbach. Ta fara yawo a 1948 da ƙungiya biyu, ta Turanci da ta Afrikaans, ta Afrikaans ɗin da barkwancin Bajamushe Lessing da aka fassara aka sa wa suna Altyd my Liefste. Mai motar kansa ba zai iya gogayya da mai kuɗin gwamnati ba. Hendrik Hanekom ya rasu 1952, Huguenet 1961, a 1963 kuma aka raba aikin ga hukumomin larduna huɗu.

Akwai abin da ya rage a yau da mutum zai iya gani?

Akwai. A Bloemfontein akwai gidan wasa mai sunan André Huguenet, shi kuma ya bar tarihin rayuwarsa a littafin Applous! na 1950, inda labarin hanya yake daga bakin wanda ya bi ta. Gidan Langenhoven a Oudtshoorn, Arbeidsgenot, gidan tarihi ne yanzu, kuma a wannan garin ake yin bikin wasanni da fasaha na Afrikaans mai suna KKNK tun 1995, inda ake mayar da azuzuwa da zaurukan coci wuraren wasa na mako guda, 'yan wasa kuma suna bin irin waɗannan bukukuwa daga gari zuwa gari da kayansu a bayan mota. Ta ɓangaren moppies da ghoema kuwa, David Kramer da marigayi Taliep Petersen sun hau da su babban dandamali, daga wasan District Six na 1987 zuwa Kat and the Kings da ya ci kyautar Olivier a Landan a 1999, sai Ghoema a 2005 wanda ya bi asalin waƙoƙin har zuwa jiragen bayi. Klopse kuma suna fita titunan Cape Town duk farkon Janairu, ƙungiya-ƙungiya, ana gasar waƙar barkwanci a filayen wasa har cikin Fabrairu.